Wake Goma a Gefen Zani

Ƙwayar wake goma-goma aka ce a zuba wa kowa a tafin hannu, kuma Zinnira ce mai rabon. Tana riƙe da kwano tana bin layin mutanen da suka cika ajin firamaren, tana irgawa a fili. Da ta iso gaban yayarta Raliya sai ta durƙusa kamar mai gyara takalmi, ta rage murya.

"Yaya, kwalin ƙarshe. Wanda aka zana mutum a kwance. Ki zuba masa duka goman."

Raliya ba ta ɗago ba. Ta dunƙule hannu a kan waken, ta ja gyale ta ƙara rufe rabin fuskarta.

Kwalaye huɗu aka shimfiɗa a kan tabarma a tsakiyar ajin, kowanne da zanen wata ɓarna da kaska ke yi. Na farko maraƙi ne ya miƙe ƙafafu. Na biyu ƙwaryar nono ce da ɗan kaɗan a gindinta. Na uku fatar saniya ce duk huji. Na huɗu kuwa mutum ne a kan gado, an ɗiga masa jan fenti a hanci. Baƙin da suka zo daga birni, ma'aikatan wata ƙungiya mai kula da lafiya, sun yi bayani dalla-dalla: kowa ya zuba wakensa a kan abin da ya fi ci masa rai. Kwalin da ya fi tara wake a nan Durun, da Kutama, da Sabon Birni, shi za a fara kashe wa kuɗi kafin damina ta kankama.

Shugabansu Malam Sharfaddeen mutum ne mai fara'a, ba shi da mugun nufi ko kaɗan. Abin da ya fi ƙona wa Zinnira rai ke nan, domin da mugu ne da ta san yadda za ta yi da shi. Tun da safe ta ja shi gefe a bakin mota ta roƙe shi.

"Malam, don Allah ka raba su. Mata su shiga aji ɗaya su kaɗai, kuma kada a haɗa mace da surukarta."

"Sista, ai nan ne daɗin tsarin yake," ya amsa yana murmushi. "Kowa a zaure ɗaya, babu babba babu yaro, muryar kowa daidai take. In muka raba su mun koma gidan jiya. Kuma kin san sai mun isa Kutama kafin Azahar."

Babu babba babu yaro! A rugar Ardo Jibirin, inda mace ba ta shan ruwa a gaban surukinta. Zinnira ta ɗauki kwanon wake.

* * *

Shekara bakwai ke nan tana aiki a ɗan asibitin da ke bakin rugar, ɗaki biyu da baranda. A kan gadon ɗakin ciki Muntari ya kwanta a daminar bara.

Muntari ɗan farin Raliya ne, shekararsa goma sha tara. Shi ke cire wa shanun gidansu kaska kowace safiya kafin a yi tatsa. Yakan tsuguna a gindin saniya, ya bi hantsa da bayan kunne da ƙarƙashin wutsiya, ya fizge wadda ta ƙoshi da jini, ya fasa ta tsakanin faratan manyan yatsunsa, ya goge a wando. Haka kakarsa Inna Marka ta koya masa, haka ita ma aka koya mata.

Da zazzaɓi ya kama shi, Zinnira ta yi masa gwajin maleriya, layi ɗaya ya fito, wato babu. Ta ba shi maganin maleriyar duk da haka, don shi ne kawai a cikin kabad. Kwana huɗu sai ga haɓo ya ɓalle, dasashinsa ma yana tsattsafo da jini. Ta toshe masa hanci da auduga da hannunta tsirara. A kwana na shida aka samo mota za a kai shi Kano, ko garin Kabo ba su kai ba aka juyo. A littafin rajista ta rubuta kalma ɗaya, zazzaɓi, don ba ta da wata.

Sai bayan watanni ta ji wani likita yana cewa akwai zazzaɓi mai zubar da jini da kaska ke ɗaukowa, kuma masu fasa ta da hannu su ne a sahun gaba. Shi ne ya kashe Muntari? Ba ta sani ba, kuma ba za ta taɓa sani ba, tunda ba wanda ya ɗebi jininsa. Wannan rashin sanin ne ke hana ta sakat. Abin da take so bai taka kara ya karya ba: safar hannu, horo na 'yan kwanaki, da hanyar aika jini birni a gwada kafin mutum ya kai kwana shida. Baƙin sun ce duk wannan yana cikin abin da za a yi in kwali na huɗu ya zo na ɗaya. Ita ta yi ta zirga-zirga har suka yarda suka sa rugar cikin wuraren da za su je. Gaggawar kuwa tana da dalili, domin tun da aka rufe Muntari ƙanwarsa Rahama, 'yar shekara sha huɗu, ta gaji tsugunon nan a gindin shanu.

Abu ɗaya ne Zinnira ba ta iya zana wa baƙin a kwali ba. Raliya ba ta taɓa kiran sunan Muntari ba, ko sau ɗaya cikin shekara goma sha tara. Ɗan fari ne, kunyarsa ake yi. Tun da aka yaye shi aka miƙa wa Inna Marka, in ta kama dole Raliya ta ambace shi sai ta ce "wancan na wajen Inna". Ranar da aka dawo da gawarsa ba ta zubar da hawaye a gaban mutane ba, mata suna ta yaba kawaicinta, wai ta nuna 'yar gidan mutunci ce. Zinnira kaɗai ta gan ta a bayan rumbu, ta cusa gefen zani a baki tana ciza kamar mai naƙuda.

* * *

"Bismilla, wa zai fara?" in ji Malam Sharfaddeen yana tafa hannu.

Duk idanu suka koma kan Ardo Jibirin. Wa zai fara kuwa in ba shi ba? Tsohon ya dogara sanda ya miƙe, ya duba kwalayen ɗaya bayan ɗaya, ya saki wakensa gaba ɗaya a kan maraƙin. Shi ke nan, magana ta ƙare, sauran duk rakiya ce. Maza suka biyo layi, kowa ya zuba inda Ardo ya zuba, mai ƙarfin hali ya rage biyu ko uku ya jefa wa ƙwaryar nono. Ja'afaru mijin Raliya ya zo, shi ma uban ɗan fari ne, ga mahaifiyarsa zaune, ga ƙannen ubansa a kan benci. Ya kauce wa kwali na huɗu kamar wanda ya ga garwashi a hanya. Zailani mahauci ne kawai ya sa masa shida, yana dariya yana cewa ya taɓa kwanciya mako biyu bayan ya feɗe wani bijimi.

Da aka zo kan mata, Zinnira ta sa rai ga Inna Marka. Ita ai kaka ce, ba kunya tsakaninta da jika, ita ta goya shi. Tsohuwar ta tsaya ta daɗe tana kallon zanen mai jan hanci, sannan ta juya ta zuba wa ƙwaryar nono.

"Kaska dai tun iyaye da kakanni muke cire ta," ta faɗa ba tare da an tambaye ta ba. "Ba ta taɓa kashe kowa ba. Wanda kwanansa ya ƙare, ya ƙare."

Zinnira ta ji haushi, ta kuma ji tausayi, ta rasa wanda ya fi yawa. In tsohuwar nan ta sa wake a wurin, ai ta yarda ke nan cewa da hannunta ta koya wa yaron abin da ya kai shi kushewa.

Raliya ce ta kusa ƙarshe. Ta tashi a hankali, ta wuce maraƙi, ta wuce ƙwarya, ta wuce fata, ta tsaya a kan na huɗu. Raliya ta sunkuya, hannunta ya sauka har ya kusa taɓa kwalin. Daidai nan Inna Marka ta yi gyaran murya, wataƙila ma ƙura ce ta shaƙe ta, Allah kaɗai ya sani. Wata mata a baya ta ce ƙasa-ƙasa, "Kai, Raliya kuwa?" Raliya ta miƙe, ta koma wurin zamanta. Hannun nata har yanzu a dunƙule yake, baƙin kuma ba su lura ba.

Malam Sharfaddeen ya duba kwali na huɗu da wakensa shida, ya ga ya kamata ya ba mutane dama ta biyu.

"Iyayenmu mata, akwai wadda ta taɓa rasa ɗa bayan cizon kaska? Kada ku ji nauyi, ta ɗaga hannu kawai."

Ta ɗaga hannu, a gaban Ardo, a gaban miji, a gaban uwar miji! Mata suka sunkuyar da kai gaba ɗaya, wasu suna wasa da zoben hannu.

"Ni na rasa!" Zinnira ba ta san sanda maganar ta fito ba. "Ɗan yayata, bara, a hannuna. Jini ta hanci, jini ta baki. Kowa a ajin nan ya je jana'izarsa!"

"Innalillahi. Allah ya jiƙansa, Sista." Har ga Allah fuskarsa ta nuna jimami. "Sai dai kin san ma'aikata ba sa jefa wake, kada mu karkatar da ra'ayin jama'a. Amma maganarki ba za ta faɗi ƙasa ba."

Ya zaro wata 'yar takarda rawaya mai ɗanko a baya, ya rubuta layi biyu, ya manna a kusurwar allo inda aka rubuta "Sauran Batutuwa". Sannan ya duba agogo.

* * *

Da la'asar ta sami Raliya a bayan ɗaki tana wanke ƙorai. Ko gaisuwar kirki Zinnira ba ta tsaya yi ba.

"Yaya, me na yi miki? Wata uku ina yawo a kan babur ina roƙon mutanen nan su zo. Sun zo har ƙofar gida, sun sa miki abin a hannu, kin tsaya a kansa kin juya!"

"Rage murya, Inna tana ciki."

"Ba zan rage ba! Inna, Inna, kullum Inna. Kunyar nan da kike yi, wa take wa amfani yanzu? Shi da ake jin kunyarsa yana ƙasa. Ga Rahama can, je ki duba faratanta. Sau nawa na ce a daina fasawa da hannu, a jefa a wuta? An ji?"

Raliya ta ajiye ƙwaryar. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta saba ba.

"Ke da kika yi boko kin manta a inda aka haife ki. In na zuba waken nan a gaban maigida, a gaban Inna, me na faɗa? Na ce ina kukan wancan a bainar jama'a. Na ce uwar da ta raine shi ita ta cuce shi. Ke za ki hau babur ki koma asibiti, ni a gidan nan zan kwana, a nan zan tashi." Ta ɗago ta dubi Zinnira. "Kuma ai ke kika ba shi magani kwana huɗu, kina cewa zai faɗa."

Maganar ta daki Zinnira a inda ba ta warke ba. Ta zauna a kan turmi.

Can Raliya ta waiga hagu da dama, ta kama gefen zaninta, ta kwance wani ɗan ƙulli da haƙori. Waken ne, goma cif, sun jiƙe da gumin hannu.

"Ungo. Ki kai musu. Ki ce wata mata ce ta aiko, kada ki faɗi suna. A sa wa mai kwancen nan."

* * *

Bayan mako biyu aka yi babban taro a wani zaure a Gwarzo, don a haɗa sakamakon mazaɓu uku. Bango ya cika da 'yan takardu kore da ja da rawaya, har mutum ya rasa inda zai jingina. An zana doguwar hanya a kan farar takarda, wai tafiyar makiyayi daga garke zuwa asibiti. A gaba kuma an kafa wani babban kwali mai hoton mutum da malafa da sanda, an sa masa suna Malam Ahmad, an rubuta shekarunsa da yawan shanunsa da abin da ke damunsa. Aka yi bayani cewa ba mutumin gaske ba ne, an ƙirƙiro shi ne don mahalarta su riƙa tuna wanda ake yi wa aiki. Zinnira ta zauna tana kallonsa. Mutanen da suka iya ƙirƙiro makiyayi da ba a haifa ba, sun kasa samun wurin da za su rubuta wanda aka haifa aka binne.

Da aka tafi shan shayi ta tare Malam Sharfaddeen, ta buɗe masa tafin hannunta, ta ba shi labari tun daga yaye har bayan rumbu. Ya saurara har ƙarshe, ya cire tabarau ya goge.

"Wallahi Sista kin sa jikina ya yi sanyi. Amma an rufe ƙirga tun ranar. In na ƙara goma yau, gobe wani ya zo da ashirin a aljihu. Kuma ko an ƙara, sha shida ne, maraƙi yana da sama da ɗari biyu. Ba ku kaɗai ba ne fa. Kutama ma kwali na huɗu ne ƙarshe, Sabon Birni ma haka."

"A can ɗin ma zaure ɗaya kuka tara su? Da surukai da kowa?"

"Dole, tsari ɗaya ne. In aka sauya a wuri guda ba za a iya kwatanta sakamakon ba."

"To Malam, ba goma ba ne. Ka san mata nawa suka koma gida da wake a gefen zani?"

Ya buɗe baki zai yi magana, sai aka kira shi daga gaba, manyan baƙi sun iso. Ya dafa ƙirji ya ce za su duba wannan a zagaye na gaba, in Allah ya kawo masu ɗaukar nauyi.

Aka karanta sakamako, aka yi tafi. Wani mai babbar riga ya ce abin alfahari ne, a karon farko ba a zauna a ofis an yanke wa talaka hukunci ba, al'umma ce ta yi magana da bakinta. Za a raba famfon feshi ɗaya ga kowace mazaɓa, da maganin kaska, da fastoci. Zinnira ta bi bango da ido tana neman 'yar takardarta rawaya, ko an taho da ita daga ajin rugar. Ta same ta a ƙasa kusa da ƙofa, ɗankon ya saki, an taka ta da takalmi mai laka.

* * *

Damina ta sauka da ƙarfi, ciyawa ta kai gwiwa, kaska ta fito kamar an buɗe mata ƙofa. Famfon ya zo, ba ƙarya. Aka fesa wa shanun rugar sau biyu maganin ya ƙare, aka rataye famfon a zauren Ardo, zanzaro ya yi ɗaki a bakinsa. Fasta kuwa har asibiti aka kawo aka manna: wata saniya ƙosassa tana kallon mai shigowa, a ƙasa an rubuta cewa lafiyar dabbarka ita ce arzikinka.

Wata safiyar Talata, Zinnira tana share baranda, babur ɗin Ja'afaru ya tsaya. Rahama ce a tsakiya, kanta ya langaɓe a bayan ubanta, Raliya ta rungume ta ta baya.

"Kwana nawa?"

"Yau uku," in ji Ja'afaru. "Mun ce ko ciwon shawara ne."

Suka kwantar da ita a gadon ɗakin ciki, gadon nan dai. Jikinta kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Zinnira ta kama hannun yarinyar don ta ɗiga jini, ta ga faratan manyan yatsu biyu sun yi baƙi-baƙi a gefe, busasshen jinin shanu ya maƙale a ciki. Ta ajiye abin gwajin a kan tebur, ta tsaya a kansa tana roƙon Allah ya fito da layi biyu. Ba ta taɓa tsammanin akwai ranar da za ta yi wa 'yarta fatan maleriya ba.

Layi ɗaya ya fito.

"Rahama," in ji Raliya tana shafa goshin yarinyar. "Rahama, buɗe ido. Rahama, ga ni nan. Rahama." Wannan ba ɗiyar fari ba ce, ba mai hana ta. Ta yi ta kiran sunan ba ƙaƙƙautawa, da ƙarfi, har ana ji daga baranda.

Rahama ta yi tari, ta kai bayan hannu ta goge hanci. Zinnira ta ga abin da ya fito a kan hannun. Ta juya da sauri ta ja aljihun tebur, tana laluben safar hannu ko da guda ɗaya ce da aka manta. Babu komai a ciki sai tsohon biro da wake goma, ƙwari sun huda su, garinsu ya bazu a kan katako.